Yadda Ake Wanke Dutsen Ofal da Adana Shi a Ƙasar Hunturu

Duk wanda ya san Kongolam ya san gari ne na wucewar kaya. Yana bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mai'adua, arewa da Daura. Da ka tsallaka sai Dan Barto, daga nan hanya ta miƙe zuwa Matamaye har Damagaram. Ta arewa azurfar Buzaye ke sauko mana, ta kudu kuma gwal ɗin Makka da na Dubai ke hawowa daga Kano cikin akwatunan lefe da tsarabar alhazai. Saboda haka matan wannan yanki ba baƙi ba ne a sha'anin kayan ado. Sun iya fito da hasken azurfa da toka da lemun tsami, sun iya jiƙa sarƙar gwal a ruwan omo su bi ta da tsohon buroshi. Sai dai a 'yan shekarun nan wani dutse ya fara shigowa cikin kayan, a kan zobe da 'yan kunne da abin wuya, wanda duk wannan dabarar da aka gada cutar da shi take yi. Shi ne ofal, dutsen nan mai ruwan madara ko ruwan zuma, wanda in kin juya shi a haske sai kore da shuɗi da ja su riƙa walƙiya a cikinsa suna sauya wuri.

Dutsen ba shi da arha, kuma ɓarnar da ake yi masa yawanci da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mace ta ga zobenta ya dushe, ta yi masa irin gatan da take yi wa sauran kayanta, washegari ta tarar wutar cikinsa ta mutu. Garin neman gira an rasa ido. Gwal in ya lanƙwashe a miƙe shi, in ya karye a narke shi a sake ƙerawa, nauyinsa na nan, kuɗinsa na nan. Ofal kuwa in ya tsage ya tafi ke nan, babu maƙerin da zai ɗinke shi.

Dalilin wannan rauni yana cikin halittarsa. Asalinsa ɗaya da yashi, sinadarin silika ne, amma shi da ruwa a jikinsa. Ruwan yakan kama daga kashi 3 zuwa 21 cikin ɗari na nauyin dutsen, galibi tsakanin 6 da 10. Launukan nan ma ba rini ba ne. A shekarun 1960 masana a Ostareliya suka duba shi da na'urar ƙara girman abu mai aiki da lantarki, suka tarar cikinsa ƙananan ƙwayoyi ne zagayayyu a jere sahu-sahu, ƙanƙantarsu ta kai sai an jera sama da dubu uku kafin su cika milimita ɗaya. In haske ya ratsa tsakaninsu sai ya rarrabu launi-launi. Ƙananan ƙwayoyin su ke ba da shuɗi, manyan su ba da ja, kuma da yake manyan sun fi wuyar samu, dutse mai jan wuta ya fi tsada. To, duk abin da ya cusa maiƙo ko datti tsakanin ƙwayoyin nan, ko ya busar da ruwansu farat ɗaya, ya taɓa ran dutsen.

Sai batun tauri. Masu sana'ar duwatsu suna auna shi da ma'aunin da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Daimon yana kan 10. Ofal yana tsakanin 5.5 da 6.5, kusa da gilashi. Ƙwayar yashi kuwa tana kan 7. Wannan lissafin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi mutanen wasu ƙasashe, domin ƙurar da iskar hunturu ke ɗebo mana daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, cike take da ɓurɓushin yashi. Ƙurar da ta kwanta kan zobenki ta fi dutsen tauri. In kika sa gefen gyale kika murza, da hannunki kike kankare shi. Ba za ki ga komai a ranar ba, amma bayan shekara ɗaya ko biyu fuskar dutsen za ta yi hazo, ki zaci datti ne, ki ƙara gogewa, ki ƙara ɓarna.

Ki fara sanin wane iri ne a hannunki

Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe, domin abin da ake kira ofal a kasuwa kala-kala ne, kuma wankin da ya dace da wani shi ke kashe wani.

Akwai na Ostareliya, ƙasar da ta fi kowace suna da shi. Ana haƙo fari a Coober Pedy tun 1915, baƙi mai tsada kuma a Lightning Ridge. Wannan in dunƙulalle ne, wato dutse ɗaya daga sama har ƙasa, ba ya shan ruwa. In ya jiƙe ba abin da zai same shi. Shi ne mafi sauƙin riƙo, shi ne kuma mafi tsada.

Akwai na Habasha. An fara samunsa a yankin Shewa a 1994, sannan a 2008 aka gano babbar ma'adana kusa da garin Wegel Tena a lardin Wollo. Tun daga lokacin ya cika kasuwannin duniya saboda yana da kyau kuma farashinsa da dama-dama. In abin wuyanki ko zobenki sayen 'yan shekarun nan ne daga Dubai ko Jidda, ko wani ɗan kasuwa ya tsinto shi a hanyarsa ta Adis Ababa, kuma kuɗinsa bai tayar da hankali ba, to ki fi kyautata zaton na Wollo ne. Halinsa daban: yana shan ruwa kamar sabon tulu. In ya faɗa ruwa sai ya tsotse, ya koma garai-garai, launukansa su ɓace. In ya bushe su dawo. Ruwa mai tsabta yana fita. Amma ba ruwa kaɗai yake sha ba. Yana shan mai, yana shan turare, yana shan gumi da sabulu da rini, kuma waɗannan in sun shiga ba su cika fitowa ba. Mafi yawan gargaɗin da zan yi a ƙasa saboda wannan irin ne.

Akwai mai hawa biyu da mai hawa uku. Shi wannan siririn yankin ofal ne ake mannawa da gam a kan baƙin dutse ko baƙin gilashi domin launinsa ya fito. Mai hawa uku har da ƙarin murfi garai-garai a samansa. Ba jabu ba ne, ofal ɗin gaskiya ne a tsakiya, amma rayuwarsa tana hannun gam ɗin. In ruwa ya yi ta shiga gefe, gam ya saki, sai ki ga wani hazo ko toka-toka ya bayyana a cikinsa, daga nan hawan su rabu.

Sai na ƙirar masana'anta, wanda wani Bafaranshe, Pierre Gilson, ya fitar da shi kasuwa a shekarun 1970, da kuma wani gilashi mai ruwan madara da shuɗi-shuɗi da ake sayarwa da arha da sunan ofal. Gilashin ba shi da launukan da ke motsi ko kaɗan. Na masana'anta yana da su, amma a tsare suke gida-gida daidai wa daida, abin da na haƙa ba ya yi. Waɗannan biyun ba su da fargaba sosai.

Ga yadda za ki bambanta. Ki kai shi bakin ƙofa da hantsi, ki dube shi ta gefe. In kika ga layi miƙaƙƙe ya raba sama da ƙasa, ko bayansa baƙi ne sumul alhali fuskarsa na walƙiya, mai hawa ne. In ba layi, ki wanke hannu, ki ɗan jiƙa kan yatsa, ki taɓa bayan dutsen. In kika ji ya ɗan kama yatsar yana mannewa, mai shan ruwa ne, na Habasha. Kada ki tsoma shi a kofi don gwaji; in da ɓoyayyen rauni a cikinsa, sha da bushewa na iya buɗe shi. In kuma ƙarfe ya rufe gefe da baya ba ki ganin komai, kada ki yi caca da dukiyarki. Ki riƙe shi riƙon mafi rauni, wato ki nisanta shi da ruwa da mai baki ɗaya.

Wankin kansa

Ki zauna a kan tabarma ko katifa, ba a tsaye kan siminti ba, ba kuma a bakin makwararar ruwa ba. Jiƙaƙƙen dutse yana da santsi, kuma faɗuwa ɗaya kan daɓe ta isa. Ki tanadi ƙaramar roba, ba kwanon ƙarfe ba, da farin ƙyalle na auduga mai laushi wanda aka wanke aka ɗauraye sosai, ko irin ƙyallen goge tabarau. Ki sami buroshi sabo mai laushin gashi, irin na haƙoran jarirai. Ruwan ya zama mai tsabta, na leda ko na gora ya fi, domin na rijiya yakan zo da yashi, na wasu rijiyoyin burtsatse kuma yakan bar farin tabo in ya bushe. Ɗuminsa ya zama daidai da na jiki: in kin sa yatsa kada ki ji zafi, kada ki ji sanyi. Ban da ruwan firji, ban da na randa mai sanyi in dutsen ya sha rana.

Kowane iri ne, mataki na farko ɗaya ne: ki hure ƙurar da baki, ki kaɗe sauran da busasshen buroshin a hankali. Sai ƙura ta tafi ƙyalle zai taɓa shi.

In dunƙulallen Ostareliya ne, ki ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na sabulu mai sauƙi, irin na wankan jarirai, a cikin ruwan. Ki sa shi minti ɗaya ko biyu, ki bi bayan dutsen da lungunan ƙarfen da buroshi, inda maiƙo da garin hoda ke taruwa su toshe haske. Fuskar dutsen yatsa ya ishe ta. Ki ɗauraye a wani ruwan mai ɗumi iri ɗaya, ki tsane da ƙyalle ta hanyar dannawa, ba murzawa ba.

In mai hawa biyu ne ko uku, ba ya shiga ruwa. Ki jiƙa gefen ƙyalle, ki matse har ya daina ɗiga, ki shafi fuskar, ki bi da busasshen gefen nan take. Kada ruwa ya kwanta a gefen da hawan suka haɗu.

In na Habasha ne, busasshen ƙyalle shi ne wankinsa. In wani abu ya manne ya ƙi fita, ki huci dutsen da numfashi ko ki ɗan dausasa ƙyallen da ruwa zalla, ki shafa sau ɗaya, ki tsane. Ban da sabulu ko wane iri, domin duk wanda ya shiga ya zauna. Na san wannan zai yi wa mace mai tsabta wuyar karɓa, ta ga kamar ba ta yi komai ba. Haƙurin nan shi ne aikin.

In tsautsayi ya sa ya faɗa ruwa kika ga launinsa ya ɓace, kada hankalinki ya tashi, kada kuma ki yi gaggawa. Ki tsane shi, ki ɗora kan ƙyalle a cikin ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Yakan ɗauki awoyi, yakan ɗauki kwanaki, babba ma har makonni. A tsakani zai yi fari fat kamar ya mutu. Hanyar warkewarsa ce. Kada ki shanya shi a rana, kada ki kusanta shi da murhu ko injin busar da gashi. Lokacin hunturu da iska ke zuƙe danshi da sauri, ki kife masa kofi ki bar 'yar kafa, domin ya bushe sannu a hankali. Saurin bushewa shi ke kawo tsaga.

Akwai wata tsohuwar shawara da ke yawo, wai a riƙa shafa wa ofal man zaitun ko basilin don kada ya bushe. Kada ki bi ta. Mai ba ya mayar wa dutse ruwansa. A kan na Ostareliya ƙura kawai zai tara, a cikin na Habasha kuwa zai shige ya mai da shi rawaya ko ruwan ƙasa. Abin da mai ya iya shi ne ɓoye tsaga na ɗan lokaci, shi ya sa mai sayarwa marar amana ke son sa.

Turare, lalle, alwala da wutar jin ɗumi

Gaskiyar magana, abin da ke lalata ofal a gidajenmu ba ranar wanki yake faruwa ba, a cikin hidimar yau da kullum ne. Kuma babu abin da ya kai turare.

Mu mutane ne masu son ƙamshi, ba kuma abin da za a ce a bari ba ne. Amma ki san cewa a kasuwar duniya, in ana son a mai da farin ofal na Habasha baƙi, hayaƙi ake ba shi: a naɗe shi a takarda a ɗumama har hayaƙin ya ratsa cikinsa. Abin da 'yan kasuwa ke yi da gangan, shi kaskon turaren wuta ke yi a hankali, kuma hayaƙinsa ma ya fi nauyi saboda man turare da sukarin da ake haɗa shi da su. Macen da ta gama shiri da sarƙarta a wuya ta tsuguna kan kasko tana turara jiki, ko ta rataye abin wuyanta kusa da inda ake turara tufafi, tana rina dutsenta ba ta sani ba. Haka humra da turaren fesawa da man shafawa da man gashi. Ki yi wanka, ki shafa mai, ki turara, ki fesa, ki sa kaya, ki jira jiki ya sha, ki wanke tafin hannu, sannan ki ɗauko ofal. In kin dawo gida kuma shi za ki fara cirewa, ki hure, ki shafe da ƙyallensa, ki ajiye. Abin wuya ya fi samun lafiya in ya kwanta kan riga maimakon fata, musamman da bazara da gumi ke tsiyaya.

Lalle ma haka. Amarya ko mai shirin salla kada ta mai da zobe sai ta kankare lallen ta wanke hannu sosai ya bushe. Baƙin rinin da masu zane ke amfani da shi ya fi jan lalle haɗari, tabonsa a cikin dutse ba ya goguwa. A kicin kuwa ba sai an faɗa ba: manja, man gyaɗa, ruwan zoɓo, kurkum, tururin tukunya. Daka da wanki da wanke-wanke da shara duk a yi su hannu ba zobe. Bilic ma yana da tasa illar daban, yana cin ƙarafan da ake gauraya gwal da su, har 'yan haƙoran da ke riƙe da dutse su yi rauni su karye.

Sai alwala. A mazhabar Malikiyya da muke bi ba a wajabta cire zoben da aka halatta ko motsa shi ba, shi ya sa yawancinmu ba mu saba cirewa ba. Ga gwal da azurfa babu damuwa. Amma zobe mai hawa biyu ko na Habasha da ke jiƙewa sau biyar a yini yana bushewa, ba zai yi ƙarko ba. A cire shi. Wurin ajiyewar shi ne abin lura: ba kan bakin rijiya ba, ba kan dakali ba, ba a riƙe a baki ba. A ɗinka 'yar jaka ta yadi mai zuge, a jefa shi ciki a sa aljihu. Wannan ya shafi maigida ma, tunda maza da dama sun fara sa ofal a zoben azurfa. A nan zan ɗan ratse: ya tabbata a Sahihu Muslim cewa dutsen zoben Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na Habasha ne, amma malamai irin su Imam Nawawi sun fassara shi da dangin aƙiƙ, wasu suka ce launinsa ake nufi. Kada wani ya ɗauko wannan ya tallata maka ofal ɗin Wollo da shi. In zoben kullum kake so wanda zai jure alwala da noma da tuƙin babur, aƙiƙ ya fi dacewa da kai nesa ba kusa ba.

Abu na ƙarshe a wannan babi shi ne sauyin zafi da sanyi farat ɗaya. Da asubahin Disamba mutum ya yi alwala da ruwa mai sanyi ƙarara, ya zo ya miƙa hannu kan wutar kara yana jin ɗumi da zobe a yatsa. Ko a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, a bar jaka a gaban mota a rana, a ɗauko a shiga ɗaki mai na'urar sanyi. Fatar dutsen ta buɗe ko ta tsuke kafin cikinsa ya bi, sai ƙananan tsage-tsage su bazu a fuskarsa. Ranar hawa kuma, ko Hawan Magajiya ne ko Sallar Gani a Daura, ki yi adonki, ranar ado ce. Amma dawakai na tayar da ƙura, ga rana ga cunkoso. 'Yan kunne da abin wuya sun fi zobe da awarwaro tsira a irin wannan taro, kuma in kin dawo, hurewa ce farko.

Ajiya

Kowane yanki a naɗe shi daban a farin ƙyalle mai laushi. Kada a zuba shi gwangwani ɗaya da sauran kaya, domin aƙiƙ da daimon duk sun fi shi tauri, ƙugiyar sarƙa ma tana iya kartar sa. Kada a naɗe na Habasha a yadi mai zuba, kada a sa shi akwati ɗaya da kwalaben turare kamar yadda ake jera lefe. Ki nema masa wuri mai sanyi a ƙasa-ƙasa cikin ɗaki, ba saman kabad dab da rufin kwano ba, ba jikin bangon da rana ke duka da yamma ba. 'Yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko jaka, aikinsu zuƙe danshi. Ki fitar da su daga inda ofal yake.

Da hunturu danshin iska a nan yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. In dunƙulallen Ostareliya ne kuma zai daɗe ba a sa shi ba, ki sa shi a ƙaramar leda mai rufewa tare da ɗan guntun auduga da aka ɗiga wa ruwa ɗigo biyu, a gefe, ba a jikinsa ba. Ki riƙa dubawa, domin danshi yana sa azurfa baƙi. Na Habasha da mai hawa ba a yi musu haka. Leda a rufe ba auduga ta ishe su. Kada kuma tsoro ya yi yawa: dutsen da ya shekara da shekaru a wannan ƙasa bai tsage ba, alama ce mai ƙwari ne.

In za a kai wa maƙeri

Sau da yawa dutsen lafiya lau yake, ƙarfen ne ya yi duhu. Azurfa tana baƙi ne saboda kibiritun da ke cikin iska da gumi, da abubuwa irin su ƙwai da albasa da robar ɗaure kuɗi. Toka da man goge baki suna fitar da baƙin, amma kankara suke yi, kuma in sun taɓa dutsen sun kankare shi. Tafasa azurfa a ruwan tsami ko na kanwa kuwa, in da ofal a jiki, hukuncin kisa ne. Ki naɗa ƙyallen goge azurfa a kan tsinke ki bi ƙarfen kaɗai, yatsanki na rufe da dutsen. Baƙin da ke cikin zanen azurfar Agadas ki bar shi, shi ke fito da zanen.

Lokaci-lokaci ki kai zoben kusa da kunne ki ɗan ƙwanƙwasa shi da farce. In kika ji dutsen na motsi, ki daina sawa har a gyara. Gwal mai lamba 21 da 22 da aka fi kawowa daga Makka da Dubai yana da taushi, haƙoransa suna buɗewa in sun kama zaren mayafi. Zoben da ƙarfe ya kewaye bakin dutsen gaba ɗaya ya fi mai haƙora kariya.

Maƙeranmu na farfaru gwanaye ne, amma aikinsu da wuta ne, kuma yawancin duwatsun da suka saba da su gilashi ne da aƙiƙ. Masu wankin gwal na birni kuma suna da injin da ke girgiza ruwa da wanda ke feso tururi. Wuta da girgiza da tururi, kowanne shi kaɗai ya isa ya fasa ofal. Saboda haka kada ki aika yaro da shi. Ki je da kanki, ko maigida ya je, a yi bayani cikin ladabi: "Baba, wannan dutsen ba ya son wuta, ba ya son ruwan zafi. Don Allah a cire shi tukuna, in an gama aikin ƙarfen ya huce a mayar." In ya ce, "Hajiya, ai minti ɗaya ne, zan lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar auduga," ki gode masa ki ce a dai cire. Ku duba dutsen tare a haske kafin a fara da bayan an gama, domin kada zargi ya shiga tsakani.

Dutsen da fuskarsa ta yi hazo saboda karce yana gyaruwa. Masu yankan duwatsu, irin waɗanda ake samu a Jos inda cinikin duwatsu masu daraja ya daɗe, suna iya sake goge shi da garin gogewa na musamman ya dawo sabo, sai dai zai ɗan rage kauri. Mai hawa biyu da gam ɗinsa ya saki wani lokaci ana iya raba shi a sake mannewa. Na Habasha da ya sha mai, masu sana'ar kan jiƙa shi a sinadarin asiton, wani ya washe, wani ya ƙi, wani ya tsage. Ba aikin gida ba ne. Wanda ya riga ya tsage kuwa, ki mai da shi abin wuya ko ɗan kunne inda ba zai riƙa buguwa ba, ki ci gaba da morar abinki.

Ga masu haɗa lefe da masu sayo tsaraba: kafin ku biya, ku tambayi mai shago daga wace ƙasa dutsen ya fito, dunƙulalle ne ko mai hawa, an ba shi hayaƙi ko rini ko ba a ba shi ba. Ku sa ya rubuta amsar a jikin rasit. In kun miƙa wa amarya kayan, ku miƙa mata takardar tare da su, ku kuma gaya mata da baki ta raba shi da kwalaben turare tun a daren.